Idan jirgin ƙasa ya daina zuwa, wa ke gadon hanyarsa?

 

Na san akwai wanda zai ce a ransa: mu da ba mu saba sayen tikitin jirgin ƙasa a cikin ƙasarmu ba, me ya haɗa mu da zancen layin dogon da aka rufe? Amsar tana cikin tarihi. Shekara da shekaru Nijar tana da rabo a cikin wani layin dogo, ko da yake ko taku ɗaya nasa bai shigo ƙasarmu ba. Shi ne layin Kwatano zuwa Paraku. Duk wanda ya taɓa shiga babbar motar fasinja, wadda muke kira kar, daga Yamai ko Maraɗi ya nufi Kwatano, to ya bi sawun wannan jirgi na kusan kilomita 400, ko ya lura ko bai lura ba.

Turawan Faransa sun fara shimfiɗa dogon daga Kwatano a shekara ta 1900. Ya kai Sabe kafin yaƙin duniya na farko, ya daɗe a nan, sai a 1936 ya isa Paraku, kilomita 438 daga bakin teku. Niyyar ita ce ya zarce har bakin kogin Isa. Bai zarce ba, kuma kimanin kilomita 600 da suka rage zuwa Yamai aka bar wa motocin kaya. Kakanninmu na Maraɗi da Damagaram wata hanyar suka fi sani: tun da dogo ya iso Kano a 1911, can gyaɗarmu take gangarawa, a loda ta a tarago zuwa Legas. A cikin shekarun 1950 Faransawa suka ga kuɗin dako yana zuba a aljihun Ingilishi, sai suka fito da shirin da suka kira Opération Hirondelle: motoci su kwashi gyaɗa zuwa Paraku, jirgi ya kai ta Kwatano, motocin kuma su komo da hajar da ta sauka daga teku. A 1959 Dahome da Nijar suka kafa kamfanin haɗin gwiwa mai suna OCDN, wanda ya koma OCBN bayan Dahome ta zama Benin a 1975. Harafin N na ƙarshen sunan, mu ne. A ƙa'ida, kayan Nijar da suka sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano tarago za su hau har Paraku, uraniyom ɗin Arlit ma ta nan yake gangarawa.

Jirgin bai mutu dare ɗaya ba. Kawunan jirgi sun tsufa, kayan gyara sai an sayo daga waje da kuɗin da kamfanin ba shi da su. Layi ɗaya ne tak, dole jirgi ya jira ɗan'uwansa a tasha kafin ya wuce. Ga kuma wahalar Paraku, wadda dattawan da ke zaune a nan suka fi ni sani: a sauke buhu daga tarago, a kai sito, a jira layin mota, a sake lodi. Kowane sauke da ɗauka kuɗi ne, kwana ne, kuma a nan buhu ke fashewa ko ya yi ƙafa. Da kwalta ta haɗe Kwatano da Malanbil, mai kaya ya ga zai iya loda tirela a bakin teku, ba za a kwance tamfol ba sai a gaban jami'an duwan na garinsu. Fasinja ma ya yi nasa lissafin: jirgi kan cinye wuni cur, wani lokaci har dare, mota kuwa tana isa da sauran rana. A tsakiyar shekarun 2000 jirgin fasinja ya daina zirga-zirga, jigilar kaya kuma ta yi ta ja da baya.

Ban zo in yi wa jirgi zaman makoki ba. Mota da hujja ta ci nasara. Ta fi sauri, tana tashi sau da yawa a rana, kuma tana iya sauya hanya. Mun ga haka da idonmu lokacin da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a ƙarshen watan Yuli na 2023: motocin kaya suka karkata zuwa Lome ta Burkina Faso, da tsada, da haɗari, da jiran rakiyar soja, amma dai sun karkata. Dogo inda aka kafa shi nan yake tsayawa.

To amma mu duba abin da motar ta gada, da abin da ta tsallake ta bari a ƙasa.

Daga Paraku zuwa kudu, kwalta da dogo kamar tagwaye suke tafiya: Cawuru, Sabe, Gilazuwe, Dasa, Bohikon, Alada. Kafin a rufe gadar na bi hanyar a kar, ina zaune ta taga, ina ganin dogon wani wuri a dama, wani wuri ya tsallaka titi ya koma hagu, ciyawa ta kusa haɗiye shi. Idan ka ɗora jerin garuruwan da kar ke tsayawa a kan tsohon jadawalin jirgi, manyan sunayen ɗaya ne. Ba abin mamaki ba ne, domin mota garuruwan da dogo ya raya take bi. Haka yake a Nijeriya ma: ƙaramin layin da Ingilishi suka gina daga Zariya zuwa Jos saboda kuza an rufe shi tun 1957, amma motar Zariya zuwa Jos tana ratsa Soba da Dutsen Wai da Jengre, duk sunayen tsofaffin tashoshi. Wannan kamar da ke tsakanin hanyoyin biyu ita ke sa a ce mota ta maye gurbin jirgi, a rufe littafi.

Ba ta maye shi duka ba. Daga Alada zuwa teku hanyoyin sun rabu: kwalta ta miƙe ta Abome-Kalabi, dogon kuwa ya karkata ta Tori-Bosito da Pahu. Mutumin Tori-Bosito, wanda a da yake hawa jirgin arewa a garinsu, sai ya nemi babur ko ƙaramar mota ta fitar da shi babbar hanya. Ko a inda hanyoyin suke kafaɗa da kafaɗa, kar mai dogon zango ba ta tsayawa a ƙaramin ƙauye saboda mace ɗaya da kwandon doya, tun da an sayar da kujerun tun daga tashar farko. Jirgi kuwa yana tsayawa ne domin an rubuta zai tsaya, da fasinja ko babu. Wannan wajibi shi ne abu na farko da ya faɗi, ba wanda ya duƙa ya ɗauka. Kuma ban ga laifin mai mota ba. Ɗan kasuwa ne kamar ku, bashi ya ci ya sayi motar, inda riba take nan zai taka birki.

Sai nauyi. Kamfanin jirgi shi ke gyara hanyarsa daga abin da ya samu, mota kuwa hanyar gwamnati take hawa. Tun ƙarshen shekarun 1950 injiniyoyi a Amurka suka auna cewa idan nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya ya ninka sau 2, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninka kusan sau 16. Dalilin ke nan ƙungiyar UEMOA ta kafa doka mai lamba 14 a shekara ta 2005, wadda ta ƙayyade tan 11 da rabi, kuma ma'aikatan da ke cikinku sun san faman da aka sha wajen aiki da ita. Ashe kayan da suka sauka daga tarago suka hau tirela, kuɗin gyaran hanyarsu bai ɓace ba: ya tashi daga littafin OCBN ya koma baitulmali, wato aljihun mai biyan lanho. Ramukan da kar ke kaucewa tana girgiza fasinja, yawancinsu ba ita ta haƙa su ba.

Wannan ba ciwon Afirka kaɗai ba ne. Ƙasar da ta haifi jirgin ƙasa, wato Ingila, ita ma ta gwada musanya jirgi da mota. Ku ba ni dama in kai ku can na ɗan lokaci, domin sun yi abin iri biyu, kuma ƙarshen bai zo ɗaya ba.

A watan Maris na 1963 Dakta Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasan Birtaniya, ya fitar da rahoton da ya ba da shawarar a rufe tashoshi 2,363 da layi mai tsawon kimanin kilomita 8,000. Aka kwantar wa mutanen karkara da hankali da alkawarin motocin bas. Motocin sun zo, amma titunan ƙauye masu lanƙwasa suke bi, suna cin lokaci fiye da jirgi. Mutane suka guje su, masu hali suka sayi motar kansu, cikin ƴan shekaru aka janye da yawa daga cikinsu. Ku lura da dabarar: rufe layin dogo sai an bi matakan doka, an zauna an saurari koken jama'a, soke motar bas kuwa bai kai haka wuya ba. Da aka sauya abin hawa, sai aka sauya nauyin alkawarin ma, mutane ba su ankara ba. Abin da ya fi wannan muni, a wurare da yawa aka sayar da filin gunduwa-gunduwa, nan a gina gidaje, can kanti, gaba kaɗan a rushe gada. Hanyar jirgi kamar igiyar guga take: in an yanke taƙi ɗaya a tsakiya, sauran tsawon ba ya kai ruwa.

Iri na biyu yana kusa da Kambirij, garin shahararriyar jami'ar nan. Akwai layi daga can zuwa wani ƙaramin gari, St Ives, wanda aka buɗe a 1847. Ya daina ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 1970, sai dai jiragen dakon yashi suka ci gaba da bin yawancinsa har 1992, kuma wannan yashi shi ya ceci filin daga sayarwa. A 2007 hukumar gundumar ta fara aiki. Ta cire ƙarafan, ta shimfiɗa kankare daidai inda tayoyi za su taka, da ɗan dakali a kowane gefe. Bas ɗin irin na kullum ne, sai dai an ƙara masa ƴan ƙananan tayoyi biyu a kwance, dab da tayoyin gaba. Su ke gogar dakalin suna juya sitiyari, direba totur da birki kawai yake kula da su. Ba wata mota da ke da izinin shiga, har ramuka aka yi a mashigai don kama ƙaramar motar da ta yi karambani. Idan bas ya kai ƙarshen kankaren sai ya hau titi kamar kowace mota, ya shiga tsakiyar gari ko ya zarce wani garin, abin da jirgi ba zai iya ba. An buɗe hanyar ranar 7 ga Agusta 2011, tsawonta kilomita 25 idan an haɗa da reshen kudancin Kambirij. Ƙauyukan Histon, Oakington, Longstanton da Swavesey, waɗanda suka yi shekara 40 jirgi ba ya tsaya musu, suka sake samun tasha. A shekarar farko an ƙirga tafiye-tafiye miliyan 2 da rabi.

Kada ku ɗauka talla nake yi. An tsara aikin a kan fam miliyan 116, ya zarce haka nesa ba kusa ba, ya yi jinkirin shekara 2, har hukumar da ɗan kwangilar suka kai juna kotu. Mutum 3 sun rasa rayukansu a kan hanyar tsakanin 2015 da 2021, kuma a 2025 kotu ta ci hukumar tarar fam miliyan 6 saboda sakaci da tsaron lafiyar jama'a. Akwai kuma mutanen yankin da suka yi fafutikar a mayar da jirgi, suna cewa ranar da aka zuba kankare an toshe masa ƙofar komowa. Ina ganin suna da gaskiya a nan. Abin da nake so ku riƙe shi ne, gardamar ko jirgi ko bas ta yiwu ne kawai saboda filin yana nan a haɗe, a hannun hukuma.

Me ya sa wannan siririn fili yake da daraja haka? Domin a miƙe yake, ba shi da hawa mai tsanani, an riga an cike kwaruruka an haƙa tuddai an gina gadoji, yana shiga har tsakiyar gari inda yau ba mai iya buɗe sabuwar hanya, kuma an gama rigimar diyya tun zamanin kakanni. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a kwamitin biyan diyyar gonaki ya san abin da kilomita ɗaya ke ci na kuɗi da shekaru da gaba tsakanin dangi.

Game da wajibin ɗaukar mutanen ƙananan tashoshi kuwa, misalin da ya fi gamsar da ni daga Japan yake. Igiyar ruwan teku ta ranar 11 ga Maris 2011 ta share layukan Kesennuma da Ofunato a gaɓar arewa maso gabas. Kamfanin JR East bai sake gina dogon ba. Daga 2012 ya fara mayar da sassan hanyar titin bas na musamman. Amma alhakin bai bar wuyan kamfanin jirgin ba: tashoshin suna cikin jadawalinsa, tikitinsa yana aiki, har ma an ƙara wuraren tsayawa kusa da asibitoci da makarantu. Mazauna gaɓar sun rasa jirgi, ba su rasa wanda za su riƙe wa riga ba.

Mu komo gida. A ganina layin Kwatano zuwa Paraku ba wurin zuba kankare ba ne. Damuwar Nijar nauyi ce: siminti, takin zamani, shinkafa, ma'adinai. Bas ba ya ɗaukar ko ɗaya, kuma hanyar Kambirij buhu guda ba ta taɓa dako ba. Irin waccan dabara ta fi dacewa da bakin manyan birane masu cunkoso, kamar tsohon layin da ke tashi daga Kwatano ya bi ta Porto-Novo zuwa Pobe, wanda aka daɗe da daina aiki da shi. Wannan kuwa shawarar mutanen Benin ce.

Tamu tana tsakanin Yamai da Doso. A watan Afrilu na 2014 kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa dogo, kuma ranar 29 ga Janairu 2016 shugaba Mahamadou Issoufou ya ƙaddamar da layin, kimanin kilomita 140, mai faɗin mita ɗaya irin na Benin, da niyyar wata rana ya haɗu da Paraku. Shari'a ta shiga tsakanin Bolloré da kamfanin Petrolin na attajirin Benin Samuel Dossou a kan wa ke da haƙƙin aikin, kotun ƙolin Benin ta ba Petrolin gaskiya a 2017, ɓangaren Doso zuwa Paraku kuma bai samu ba. Layin bai taɓa yin jigilar kasuwanci ba. Sai muka wayi gari da wani abu da ko Ingila ba ta gani ba: motocin fasinja suna bin gefen layin da ba a rufe ba, domin a gaskiya ba a taɓa buɗe shi ba.

An sha gardama a kan ingancin ƙarafan da kuɗin da aka kashe, gardamar kuma tana da amfani. Wadda ba a cika yi ba ita ce ta filin. An karɓi gonakin mutane, an share, an yi cike, an gina magudanan ruwa. Ƙarfe in ya yi tsatsa ana sauya shi, in ma an ga faɗin bai dace ba ana ɗaga shi a sa wani. Fili kuwa in aka bar shi ba mai tsaro, mun san yadda abin ke tafiya a garuruwanmu: bana a shuka gero, baɗi a kafa rumfa, shekara mai zuwa katanga, daga nan takardar mallaka mai hatimi. Bayan shekara 20, ranar da aka samu kuɗin jirgi na gaske, ko aka ga hanyar bas ce ta fi dacewa da bakin Yamai, sai baitulmali ya sake sayen abin da ya riga ya saya.

Ga kuma layin Kano zuwa Maraɗi, wanda Nijeriya ta aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Faɗinsa milimita 1,435 ne, na Doso kuwa 1,000, saboda haka tarago ɗaya ba zai hau duka biyun ba, wahalar Paraku ke nan tana jiranmu a wani garin idan ba a gyara ba. Motocin Kano da Maraɗi suna kan hanyarsu tun kafin a haifi yawancinmu, ba kuma za su janye don jirgi ya zo ba. Za a yi gasa, kuma duk ranar da lissafi ya ƙi, abin da ya faru a Benin ya nuna fasinja ake fara saukewa.

Alhazai, ku ke da ƙungiyoyin da ake jin muryarsu, ku ma'aikata kuma takardun ta hannunku suke bi. Da ni ne a wurinku, takarda biyu zan nemi gani a kan kowane layi, na Doso da na Maraɗi. Ta farko taswirar filin: faɗinsa mita nawa ne, da sunan wa aka rubuta shi, wace hukuma ke tsaronsa, kuma an haramta sayar da shi gunduwa-gunduwa ko da jirgi ya daina bi? Ta biyu sharaɗin jigilar mutane: waɗanne tashoshi ne dole a tsaya, sau nawa a mako, kuma idan aka janye jirgi aka kawo mota, wa ke ɗauke da alhakin, har shekara nawa?

Nan zan dakata in ba da dama ga tambayoyi. Ina roƙon dattawan da suka yi lodi a Paraku zamanin OCBN su fara, domin akwai abin da suka gani a siton can wanda ba ya cikin takardun da na karanta.